Filtar mai ta injin kwale-kwalena tana ta zuba, an gyara sau uku

Mai neman shawara, daga Maraɗi:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ina zaune a Maraɗi, amma ina da kwale-kwale a tafkin Madarunfa, wanda ƙanena yake aiki da shi yana ɗaukar masunta da kayansu. Injin mai ƙarfin doki 15 ne, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi ana haɗa masa fetur da man inji, kuma na hannu na saye shi shekara biyu da suka wuce.

Tun daga watan Maris filtar mai, wato ɗan kofin nan mai haske da ke ƙarƙashin murfin inji, take zubar da fetur. Sau biyu mun canza zoben robar da ke bakin kofin, sau ɗaya kuma mun canza filtar ɗungurungum, amma babu gyaran da ya wuce mako biyu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan inji yana aiki ba ma ganin ɗigo ko ɗaya, sai dai ya riƙa shaƙewa kamar zai mutu idan an ƙara masa wuta, alhali idan an ajiye jirgin a bakin ruwa da tsakar rana, kafin la'asar ƙasan murfin ya jiƙe sharkaf da fetur. Ƙanena ya ƙara ɗaure kofin da filaya, wani kuma ya ce mu shafe bakin da gam. Ban yarda ba tukuna sai na ji daga gare ku.

Wani makaniki mai gyaran ƙananan injuna:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi maka albarka da ba ka shafa gam ɗin ba, domin fetur yana cinye irin wannan gam, gutsattsarinsa su bi tiyo su toshe ƙananan ƙofofin kafireto, ka wayi gari da aiki biyu.

Bayanin da ka yi ya riga ya nuna rabin cutar. A irin waɗannan injuna filta tana tsakanin tanki da famfon mai, saboda haka idan inji yana aiki famfo zuƙar mai yake yi ta cikinta, kuma duk wata kafa da ke wurin iska za ta shiga ta cikinta maimakon mai ya fita. Wannan iskar ce take sa injin shaƙewa idan an ƙara wuta. Da an kashe inji sai al'amarin ya juya. Tanki yana kwance a rana, kuma ka san zafin Afrilu da Mayu a ƙasar nan yana wuce digiri 40, sai fetur ya yi tururi, tankin ya kumbura, ya riƙa tura mai ta tiyo zuwa inji. Idan ɗan maɓallin iska da ke kan murfin tanki a rufe yake ko ya toshe da ƙura, wannan ƙarfin ba shi da mafita sai wurin da ya fi rauni, kuma a naka injin wurin shi ne bakin filta. Ka tambayi ƙanenka ko yana cire tiyo daga jikin inji idan ya tashi aiki, domin ina kyautata zaton ba ya cirewa.

Sai maganar zobe. Zoben da ake sayarwa a tire a kasuwa galibi babu mai tambayar irin robarsa, ana auna shi da ido ne kawai. Wanda aka yi don famfon ruwa yana kumbura ya yi laushi idan ya kwana cikin fetur, har ya fita daga gurbinsa. Ka nemi wanda aka yi don mai, irin robar da ake kira nitril, ko kuma na ainihin kamfanin injin da lambarsa. Kafin ka saka, ka jefa ɗaya a cikin ɗan fetur ya kwana biyu, ka gwada shi da ɗan'uwansa busasshe, in ya fi shi girma ka yar. Wajen ɗaurawa a share gurbin tas, a shafa wa zoben ɗan man inji, a murɗa kofin da hannu har ya zauna. Filaya ba ta da aiki a wurin nan.

Wani dattijon masunci daga Madarunfa:

Ɗana, abin da makaniki ya faɗa gaskiya ne, amma ni ina zargin man da kuke zubawa. Man kwalba da na jarka yakan zo da ruwa da yashi, ko da mai sayarwa bai yi da gangan ba, domin jarka ɗaya ce take yawo shekara da shekaru. Ni ba na zuba mai a tanki sai ya kwana a jarka ya kwanta, sannan in tace shi da farin ƙyalle mai tsabta, in bar na ƙasan. Ka ɗaga kofin filtarka a haske, idan ka ga wani abu ya kwanta a ƙasa daban da fetur, ruwa ne.

Makaniki:

Baba, ruwa da yashi ba sa huda filta da kansu, sai dai suna sa a riƙa buɗe ta kowane kwana uku don a zubar, kuma kowace buɗewa tana gajiyar da zobe da zaren murɗin kofin, musamman idan ƙwayar yashi ta maƙale a gurbin. Ta wannan hanyar maganarka tana da alaƙa da zubar.

Wani matashi mai tuƙa jirgi a Jibiya:

Yaya, a wurinmu akwai masu cire filtar gaba ɗaya su haɗa tiyo kai tsaye. Na faɗa ne don kada wani ya ba ka wannan shawarar ka ɗauka, domin waɗanda na sani sun yi haka duk sun koma wanke kafireto kowane mako. Abin da zan ƙara shi ne gwaji mai sauƙi. A goge wurin ya bushe, a matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo har ya yi tauri, sannan a bi da busasshiyar takarda ta bakin kofi, da gindinsa, da inda tiyo biyu suka shiga. Inda takarda ta fara jiƙewa nan ne kafar take. Sau da yawa bakin tiyo ne ya bushe ya tsage, man ya gangaro kan kofi, a yi ta canza filtar da ba ta yi laifi ba. A duba kuma ƙarfen da ke riƙe da filtar, don idan ya saki, girgizar inji ma tana tsaga ta.

Wata mai sarin kifi a Maraɗi:

Malam, ni ban san inji ba, amma na san kifin da ya kwanta a ƙasan jirgin da fetur ya zuba, domin ko an soya shi warin ba ya fita, kuma mu ake dawo wa da shi. Ka kuma ja wa ƙanenka kunne game da masu shan taba a cikin jirgi, saboda tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake taruwa. Har a gama gyaran nan kada a bar kowa ya ƙyasta ashana a kusa.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ranar Lahadi na je Madarunfa da kaina muka yi gwajin takarda. Tiyo lafiya yake, amma kofin sabuwar filtar yana da tsaga siririya kamar gashi daidai inda haƙoran filaya suka kama, ba a ganinta sai an matsa ƙwallon an juya ta wajen rana. Maɓallin iskar tanki kuma ya cije da tsatsa a rufe, ƙanena ya ce shi bai taɓa sanin ana murɗa shi ba, sai dai yakan sassauta murfin idan inji ya fara shaƙewa. Mun mayar da tsohon kofin da muka ajiye, mun canza murfin tanki, yanzu kuma yana cire tiyo ya rufe tankin da jiƙaƙƙen buhu idan ya tashi. Hajiya, an wanke ƙasan jirgin da sabulu tun ranar. Yau kwana shida ke nan babu ɗigo, sai dai zoben kasuwa ne har yanzu a ciki, kuma wanda na jefa a fetur ya kumbura a kwana biyu kamar yadda makaniki ya faɗa. Idan akwai mai zuwa Kano ko Yamai cikin makon nan, ina roƙon ya yi mini magana in aika masa da lambar injin ya sayo mini na ainihi guda uku.