Ta yaya za mu tsallakar da bututun ruwa ta ƙarƙashin babban titi?

Sakataren Kwamitin Ruwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ruwa da aikin titi a kan wani al'amari da ya tsaya wa kwamitinmu a rai. Garinmu yana bakin ɗaya daga cikin titunan gwamnatin tarayya a Jihar Katsina, kuma titin ya raba garin gida biyu. Da kuɗin karo-karo muka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, muka ɗora tankuna a kan hasumiya, amma duk wannan a ɓangaren gabas yake. Mutanen yamma, waɗanda su ma da kuɗinsu aka yi aikin, sai sun tsallako titi kafin su ɗebi ruwa, kuma yawancin masu tsallakowar yara ne ɗauke da jarkoki, a kan hanyar da tireloli da motocin haya ba sa sassautawa. Da idona na ga yarinyar da ba ta wuce shekara tara ba ta daskare a tsakiyar kwalta da bokiti a ka, mota ta taho daga nan, wata daga can, ta rasa inda za ta nufa. Allah ya tsare, amma tun ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba.

Mun yanke shawarar jan bututu mai inci 2 zuwa yamma, mu kafa kawunan famfo a can. Mai aikin famfon da muka kira ya kawo hanyoyi biyu. Ta farko, a samo leburori da diga cikin dare a yanka kwaltar, a binne bututun, a mayar da ƙasa kafin gari ya waye. Ta biyu, a zura bututun ta cikin wani kwalbati da ke nesa kaɗan da mu. Wasu daga cikin dattawanmu sun karkata ga ta farko saboda arha, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Shin wa ke da ikon ba da izini, kuma yaya ake yin irin wannan aiki a bisa ƙa'ida yadda ba za mu ɓata titi ba, bututun namu kuma ya daɗe?

Tsohon Injiniyan Ruwa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka wa kwamitinku da alheri, kuma ka kyauta da ka yi tambaya tun diga ba ta taɓa ƙasa ba. Shawarata ta farko ita ce ku cire maganar yankan dare daga ranku gaba ɗaya. Titin tarayya yana ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ne, kuma dokar manyan titunan tarayya ta 1971 ta hana kowa taɓa shi ba da izini ba. A kowace jiha akwai ofishin kwanturolan ayyuka na tarayya, can za ku kai takardar neman izini, haɗe da ɗan zanen da ke nuna inda bututun zai bi, da girmansa, da zurfin da za a binne shi. Ku sani kuma ikon ma'aikatar bai tsaya a bakin kwalta ba, domin filin da aka ware wa titin tarayya ya kai mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, saboda haka ko bututun da zai bi gefen hanya kawai yana cikin hurumin wannan izini. Yana da kyau dagaci ko hakimi ya sa hannu a takardar, a nuna cewa aikin al'umma ne.

Hanyar da ta dace da ku ita ce a huda ta ƙarƙashi, a bar kwalta yadda take. Ana haƙa rami a wannan gefe da wani a wancan gefe, nesa da kafaɗar titi, sannan a saukar da injin huda cikin ramin farko, ya riƙa tura bututun ƙarfe yana fitar da ƙasa har ya ɓulla a rami na biyu, motoci kuma suna wucewa a sama ba wanda ya san ana aiki. Wannan bututun ƙarfe shi ne rigar, ba shi ne zai ɗauki ruwa ba. A cikinsa za a zura bututun ruwan, kuma ga mai inci 2 rigar inci 4 ta wadatar. Amfanin rigar biyu ne: ita ke ɗaukar nauyin tireloli da girgizarsu, kuma ranar da bututun ruwan ya samu matsala sai a zare shi a sa wani ba tare da an sake kusantar titi ba. Titinmu mai hannu ɗaya yawanci faɗin kwaltarsa mita 7.3 ne, in aka haɗa da kafaɗun biyu ya kusa mita 13, don haka guntaye uku na ƙarfe masu mita 6 kowanne, a haɗe da walda, za su fitar da ku. Kada ku bari tazarar da ke tsakanin fuskar kwalta da saman rigar ta gaza mita 1.2, kuma a tsallaka a miƙe, kada a karkace.

Game da bututun ruwan kansa, ku nemi baƙar robar nan da ake sayarwa a naɗe, wadda ake kira HDPE, domin za a iya yanko tsawon da ake bukata ba tare da mahaɗi ko ɗaya a ƙarƙashin titi ba. A shekarun da na yi ina wannan aiki, mafi yawan yoyon da na gani daga mahaɗi yake fitowa, kuma yoyo a ƙarƙashin kwalta mugun abu ne, yana jiƙa ƙasa a hankali yana ɗibar ta, har wata rana tayar babbar mota ta rufta. A kowane gefe a gina ɗan ɗaki na bulo mai murfi, a sa bawul a ciki, yadda za a iya rufe ruwan tsallaken shi kaɗai. Kafin a rufe ramuka a cika bututun da ruwa a matse shi fiye da ƙarfin da zai riƙa aiki da shi, a ga ko yana ɗiga, sannan a wanke shi da ruwan kilorin.

Wannan dabara ta huda ba ƙaramar aba ba ce. Da wani nau'inta, wanda ake iya sarrafa bakin injin daga sama, aka tsallakar da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ta ƙarƙashin Kogin Neja, bututu mai inci 40 a aikin da tsawonsa ya kai kilomita 614. Naku aikin yini biyu ne ko uku idan ba a ci karo da dutse ba.

Ma'aikacin Gyaran Titi:

Na yarda da duk abin da Baba Injiniya ya faɗa, ina so kawai in ƙara dalilin da ya sa mu masu facin titi muke jin zafin yankan kwalta. Titi hawa-hawa ake gina shi: a shimfiɗa jar ƙasa a bi ta da rola, a zuba dakakken dutse a sake dannewa, sannan kwalta ta hau sama ta zama kamar rufin ɗaki. Leburan da ya yanka da diga ya mayar da ƙasa da shebur a duhu ba zai iya mayar da wannan ƙarfi ba ko da ya so. Damina ɗaya ta isa. Ruwa ya shiga ta bakin yankan, ƙasar ta zauna, wurin ya lotsa, sai ka ga kwari ya ratsa titi daga gefe zuwa gefe, wanda mai babur da dare ba ya ganinsa sai ya faɗa. Yawancin layukan da kuke gani sun ratsa titunan cikin gari haka suka samo asali. Inda ya zama dole a yanka, da zarto na inji ake yanka baki ya fita sumul, a shimfiɗa yashi a ƙarƙashin bututu da samansa, a riƙa mayar da ƙasa kaurin santimita 15 ana dandaɓewa da inji kafin a ƙara wata, kuma rabin titi ake yi a bar rabi ga motoci. In kuka lissafa wannan duka, har da kuɗin mayar da kwalta, za ku tarar huda ba ta fi shi tsada sosai ba.

A kan kwalbati kuwa, ba na goyon baya, ko da yake na san ana yi. Kwalbati don ruwan sama aka yi shi, kuma bututun da aka gitta a ciki shi ke tare leda da kara da yayi har bakin ya toshe, ruwa ya hau titi ko ya shiga gidajen mutane. Ranar da aka zo yashe shi kuma, bututun ne abu na farko da shebur zai samu. Akwai abin da ya fi wannan muni: famfon da ba kullum yake da ruwa ba, idan ya ɗauke yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta duk inda ya tsage, kuma in a cikin ƙazantar magudana yake kwance, ita zai kai wa mutane su sha. Ta haka amai da gudawa ke shiga unguwa.

Mai Aikin Wayar Faiba:

Malam Sakatare, akwai abin da ban ga an taɓo sosai ba, wato ba ku kaɗai ne a ƙarƙashin wannan ƙasa ba. Gefen yawancin manyan titunan tarayya akwai wayar faiba a binne, wadda kiran waya da intanet da hada-hadar banki na garuruwa da yawa ke bi ta cikinta, kuma daidai inda za ku haƙa ramukan injin huda nan take wucewa. Ku bi gefen titin a ƙafa, ku duba ƙananan turakun siminti da murafun ramuka, sannan ku nemi kamfanin da ke da wayar ya turo mutum ya tsaya a kan aikin. Mita ta farko a haƙa ta da hannu, a hankali, kuma da zarar an ga leda mai launi a shimfiɗe cikin ƙasa a dakata, gargaɗi ce cewa akwai abu a ƙasanta. Na sha kwana a bakin titi da fitila ina haɗa zaren da bai fi gashin kai kauri ba, ɗaya bayan ɗaya, saboda wani ya sa diga bai tambaya ba. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, don haka lalata su ba ƙaramin laifi ba ne.

Kuma ba waya kaɗai ake tsoro ba. A watan Mayun 2008, a Ijegun da ke Legas, injin aikin hanya ya fasa bututun mai da ke binne, wuta ta tashi ta ci rayuka da gidaje. A Amurka tun 2007 suna da lamba ɗaya, 811, wadda mai shirin haƙa zai kira a zo a shata masa inda komai yake da fenti, shuɗi na ruwa, rawaya na gas, ja na lantarki. Mu da ƙafa da baki muke yin wannan bincike, saboda haka sai an yi haƙurin yin sa. Ku ma ku shimfiɗa shuɗiyar leda kamar santimita 30 a saman bututunku a duk inda ya bi gefen hanya.

Sakataren Kwamitin Ruwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na karanta wa kwamiti amsoshinku bayan sallar isha'i, kuma har dattawan da suka fi son yankan dare sun janye da suka ji maganar lotsawar titi, domin 'ya'yanmu ne masu baburan. Saura tambaya ɗaya ga Baba Injiniya. Idan wata rana aka zo faɗaɗa titin ya koma mai hannu biyu, mene ne makomar bututunmu, kuma akwai abin da za mu yi tun yanzu?

Tsohon Injiniyan Ruwa:

Akwai, Malam Sakatare, kuma a nan ne takardar izini take biyan wahalarta. Bututun da aka binne a ɓoye ba ya cikin lissafin kowa, katafila za ta tumɓuke shi a wuce, ba ku da bakin magana. Wanda ke da izini da zane kuwa, kuna da abin da za ku nuna wa injiniyan aikin tun kafin a fara share hanya, a tsara yadda za a ƙara tsawon rigar ko a matsar da ɗakunan bawul. Ku karanta sharuɗɗan iznin da kyau, musamman wurin da ya faɗi wanda zai ɗauki kuɗin matsarwa idan bukata ta taso. A lokacin da kuka je ofishin kwanturola ku tambaya ko akwai shirin faɗaɗawa da kuma ɓangaren da za a ci, in akwai sai ku ja bututun gefen hanya can kusa da iyakar filin titi, ku kuma ƙara guntun ƙarfe ɗaya ko biyu a wannan ɓangare in aljihu zai ɗauka.

Ranar aiki kuma a samu mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai awo da rubutu. Ya auna zurfi a kowane gefe, ya auna nisan ɗakunan bawul daga abin da ba ya gusawa, kamar kusurwar masallaci ko turken lantarki, ya ɗauki hotuna kafin a mayar da ƙasa. A yi kwafi uku, ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin dagaci, ɗaya a ofishin da ya ba da izini, sannan a kafa turken siminti mai shuɗin fenti a kowane gefen titi daidai kan bututun.