Ta yaya ƙwayar halittar tsiro ke haɗiye kuloroplas ɗin da ya lalace?

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana uku ke nan wani abu ya tsaya mini a karatun otofaji, wato yadda ƙwayar halitta ke narkar da sassanta da suka lalace ta sake amfani da su. Hanyar da Yoshinori Ohsumi ya gano a yis, har ta kai shi ga kyautar Nobel a 2016, na fahimce ta: wata jaka mai fata biyu takan naɗe abin da ya lalace, da taimakon furotin ATG8. A tsiro kuwa, bakiyol, wato babbar ma'ajiyar ruwa da ke cikin ƙwayar halitta, ake kai jakar, can a narkar.

Girma ne ya ɗaure mini kai. Kuloroplas, wato koren sashen ƙwayar halitta da ke haɗa wa tsiro abinci da hasken rana, yakan kai maikiromita 5 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), jakar kuwa ba ta cika wuce 1 ko 2 ba. To ina za ta sa shi?

Na karanta cewa ganye in ya daɗe cikin duhu, gutsure kuloroplas ake yi kaɗan-kaɗan, a kwashe furotin Rubisco da ke cikinsa. Amma in haske mai tsanani ya kumbura kuloroplas ɗin, fatar bakiyol ce da kanta ke lanƙwasowa ta haɗiye shi ɗungurungum. In haka ne, me ya sa tsiron gwaji Arabidofsis da ba shi da ATG5, furotin da ke taimakawa wajen haɗa jakar, ke kasa wannan haɗiyar, alhali ba jaka aka yi ba? Don Allah masana ku warware mini.