Neman kalma kafin Alhamis: yaya za mu ce "guirlande lumineuse" da Hausa?

Malama Rakiya, Tawa: Assalamu alaikum, malamaina da iyayena. Ranar Alhamis da safe za mu naɗi shirin mata a gidan rediyon da nake aiki, kuma an ba ni wata takarda ta Faransanci in mayar da ita Hausa. Takardar tana bayanin yadda mutanen Faransa suke fito da tsofaffin kayan adon Kirsimeti daga kwali, su kakkaɓe su, su sa musu sababbin ƙananan fitilu da hannunsu maimakon su sayi wasu. Mun ga abin zai amfani masu sauraronmu, domin irin waɗannan fitilu sun cika rumfunan biki da na suna da ƙofofin shaguna, kuma da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wadda ta mutu an cusa ta ƙarƙashin gado ba. Kalmomi uku ne suka gagare ni: guirlande lumineuse, da LED, da bricolage. Ta farkon ta fi damuna, domin sau goma sha ɗaya ta fito a takardar.

Nasiru, Yamai: Wa alaikumus salam, Yaya. Ina ganin sarƙar fitilu ta wadatar, domin abu ne dogo da aka jera ƙananan fitilu a jikinsa, ɗaya na bin ɗaya. Idan sarƙa ba ta yi miki ba, igiyar fitilu ma za ta ɗauki ma'anar, jam'i kuma ba shi da wahala: sarƙoƙin fitilu, igiyoyin fitilu.

Hajiya Zalika, Tawa: Ɗiyata Rakiya, tun 2017 nake ƙawata rumfunan biki, tun lokacin Tahoua Sakola da aka yi bikin Ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba a garin nan, kuma ban taɓa jin wata ta zo ta ce in ba ta hayar sarƙa ko igiya ba. Girlandi muke cewa, mai shago ma haka yake cewa. Idan kika ce sarƙa a shirin mata, hankalin kowa zai tafi ga zinariya da ƴan kunne, idan kuma kika ce igiya, ai igiyar shanya ce ko ta akuya.

Malam Habibu, Yamai: Ina roƙon kada a fara da girlandi. Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa, kuma na ga yadda ake narkar da Hausa da irin waɗannan kalmomi har yaro ya kasa faɗin jimla ɗaya ba tare da kuran da ampul da pil ba. Tun watan Maris na 2025 aka rubuta a kundin sake gina ƙasarmu Nijar cewa Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne, to in ba gidan rediyo ya fara gyara ba, wa zai fara? Muna da kalma tamu wadda ta dace da abin kamar don shi aka yi ta: maƙesu, ƙwaron nan da ke kunna haske yana kashewa a bakin fadama da damina. A ce jerin maƙesu. Na jima ina amfani da ita a gidana, jikokina duk sun riƙe ta.

Nasiru: Baba Malam, kalmar tana da daɗi a kunne, ba na musu. Sai dai ba kowace girlandi ce take ƙiftawa ba, akwai masu haske a tsaye, sannan yaran birni da yawa ba su taɓa ganin maƙesu ba, balle su san sunansa. Ke nan Yaya Rakiya za ta fassara Faransanci da kalmar da ita ma sai an fassara ta. Kuma tun da ana maganar tsarkin harshe, fitila kanta daga Larabci ta zo, fatila, wato lagwani, lantarki da tocila da waya kuma daga Ingilishi.

Malam Habibu: Na san asalin fitila tun ba a haife ka ba, ɗana. Akwai bambanci tsakanin baƙon da ya kwana ɗari yana cin tuwon gida da wanda ya sauka jiya da jakarsa. Kakanninmu da suka ga jirgin sama ba su ari sunansa ba, sun ɗauki jirgi na kan ruwa suka ɗora shi sama da ƙasa. Abin da nake nema ke nan, kuma maƙesu ya yi shi.

Sahabi mai gyaran lantarki, Tawa: Malamai, ku gafarce ni, ba ni da ilimin harshe, amma ni ake kawo wa waɗannan abubuwa idan sun mutu, kuma akwai abin da nake so Malama ta kula da shi kowace kalma ta zaɓa. Abu biyu ne daban ake kira da suna ɗaya. Tsohuwar irin tana da ƙananan ƙwai na gilashi masu siririn zare a ciki, an jera su a kan hanya ɗaya, suna raba bolt 220 na bango a tsakaninsu. Idan ƙwai ashirin ne, kowane yana ɗaukar bolt 11. Shi ya sa da zaren ƙwai ɗaya ya tsinke sai duka su mutu, mai gida ya ɗauka ta lalace gaba ɗaya, alhali ƙwai ɗaya ne ya kashe ƴan uwansa. Sabuwar irin kuma, wadda nake zaton takardar tana nufi, tana aiki da pil uku, wato batir, bolt huɗu da rabi, ko da cajar waya mai bolt 5. Wannan ko yaro ya taɓa wayarta ba abin da zai same shi.

Bara wani yaro a unguwarmu ya tsinci tsohuwa wadda ɓera ya ci wayarta, ya murɗe bakin wayoyin biyu da hannu, ya naɗe da leda, ya rataya a ƙofar ƙarfe don bikin yayarsa. Ledar ta zame da zafin rana. Wadda ta fara kama ƙofar da jiƙaƙƙen hannu sai da ta zubar da kwanon da ta ɗauko, Allah ne ya tsare. Saboda haka idan aka ce wa mata a rediyo su gyara da kansu, dole sunan ya nuna wacce ake nufi. Kuma don Allah kada a ce zaren wuta ko igiyar wuta, domin wuta a Hausa tana nufin lantarki, tana nufin gobara.

Malama Rakiya: Allah ya saka da alheri, Malam Sahabi, wannan bai zo mini a rai ba ko kaɗan. To idan na ce mai LED, ya isa ya nuna marar haɗari ke nan?

Sahabi: A'a, Malama, akwai masu LED da ake sa su kai tsaye a bango, su ma bolt 220 ne ke cikin wayarsu. Ki ce ta bango da ta pil ko ta caja, kowa zai gane. Shi LED ɗin ƙwaya ce ƙarama mai ƙafa biyu, doguwa da gajera, kuma ta hanya ɗaya kawai lantarki yake bi a cikinta, idan kika juya ƙafafun ba za ta kama ba. Fara tana son kamar bolt 3, don haka mai haɗa ta da caja da hannunsa sai ya sa mata ɗan abin rage ƙarfi da muke kira rezistans, mai om 100, in ba haka ba ta yi haske sau ɗaya ta ƙone. Amfaninta shi ne ba ta zafi kamar ƙwan gilashi, ana iya sa ta cikin kwalba ko kusa da yadi.

Hajiya Zalika: Wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya kamata ki faɗa wa mata, ba labarin itacen Kirsimeti ba. Ina da tsohuwar ƙwarya ta mahaifiyata wadda ta tsage aka ɗinke ta, har ba ta riƙe fura. Na ɗora ƙusa a garwashi na huhhuda ta ina bin zanen da ke jikinta, na dunƙule girlandi mai pil na sa a ciki, na kifa ta a kan faifai. Da aka kashe fitilar ɗaki sai ɗigo-ɗigon haske ya watsu a bango da rufi, wata tsohuwa ta duba sama ta ce ga kaza da ƴaƴanta sun shigo ɗaki. Yanzu guda shida nake da su, kuma su amare suka fi tambaya. Da ƙwan gilashi ne ba zan yarda in kifa masa busasshiyar ƙwarya ba.

Malam Habibu: Kun ji ko? Tsohuwa ba ta je makaranta ba, amma da ta ga abin taurari ta kira, ba girlandi ba. Hausa ba ta rasa kalma ba, mu ne muka rasa zuciya. LED kuma a ce ƙwayar haske.

Nasiru: A nan na bi ka rabi, Baba. Su Faransawa ma suna da nasu taƙaitaccen suna, DEL, amma LED ya fi yawa a bakinsu da kan kwalayensu. An ƙera mai jan haske a Amurka a 1962, shuɗin kuwa, wanda da shi aka samu farin haske, wasu masana uku ƴan asalin Japan ne suka samar da shi har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Suna ne da duniya ta riƙe, kuma shi ne a rubuce a jikin kwali. Idan mace ta je kasuwa ta ce a ba ta ƙwayar haske, mai shago zai tura ta wajen mai magani. A ce ƙwayar led, an ba kowa haƙƙinsa.

Malam Habibu: Ku ƴan jami'a kun iya raba gardama da ba kowa rabi. Kuma na lura duk kalmomin da kake kawowa na Kano ne, kamar mu nan ba mu da Hausa. A Yamai aka zauna a 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, bayan taron Bamako na 1966, ba a ce mu je mu yi aron baki ba.

Hajiya Zalika: Malam, in dai haka ne, mu Adarawa hitila muke cewa, kuma ban ga ka rubuta hitila ba. Kai ma fitila ka rubuta kamar Bakano. Ka bar yarinya ta yi aikinta.

Malam Habibu: Hajiya, rubutu daban, furuci daban. Amma na ji.

Malama Rakiya: Iyayena, ku yi haƙuri, yau Talata. Saura bricolage, ba wanda ya taɓa ta. Na so in ce aikin hannu, sai na ga aikin hannu a wajenmu saƙa ce da jima da ƙira, sana'a ce ta masu ita, alhali takardar tana nufin wanda ba sana'arsa ba ce ya zauna ya gyara kayansa.

Nasiru: Ana iya gina ta kamar dafa-duka ko a-kori-kura, a ce yi-da-kanka. Matsalar ita ce shirinki na mata ne, sai ya koma yi-da-kanki, idan kuma jama'a kike yi wa magana ya zama yi-da-kanku, kalmar da take sauya riga a kowace jimla kuwa ba ta zauna ba tukuna. Kwaskwarima ta fi kusa da batun sabunta tsohon kaya, sai dai tana ɗauke da zargi, kamar an shafa wa abu mai a sama an bar ciwon a ciki.

Sahabi: Mu a bakin aiki idan muka ce wani ya yi brikolaj, ba yabo ba ne, muna nufin ya yi haɗe-haɗe irin na yaron ledar nan. Kada Malama ta yi amfani da ita.

Hajiya Zalika: Ki ce gyara da hannunki, ki wuce. Ba kowace kalmarsu ce sai an yi mata kishiya ba.

Malama Rakiya: To ga abin da zan yi, wanda bai gamsu ba ya yafe mini. A farkon shiri zan ce sarƙar fitilu, wadda aka fi sani da girlandi, daga nan in ci gaba da sarƙar fitilu, ina bambanta ta bango da ta pil kamar yadda Malam Sahabi ya ce, kuma zan gaya musu ta bango a kai wa mai gyara. Zan ce ƙwayar led. Bricolage ba zan ba ta suna ba, zan warware ta cikin jimla duk inda ta fito. Baba Malam, akwai wuri ɗaya da takardar ta yi maganar masu ƙiftawa, a nan zan ce masu ƙiftawa kamar maƙesu. Hajiya, ina roƙon aron ƙwarya ɗaya in kai ɗakin naɗi, ko da masu sauraro ba za su gan ta ba.

Hajiya Zalika: Ki aiko yaro gobe bayan la'asar, amma ki sayi pil ɗinki. Kuma ina nan, za ki ji waɗanda za su kira waya bayan shirin, girlandi za su ce.

Malam Habibu: An mayar da maƙesu abin misali, an ba sarƙa kujera. Ban yarda ba, amma ba zan hana ki aiki ba, ɗiyata. Ki dai furta shi da ƙa mai ƙugiya, kuma ki turo mana abin da aka naɗa in ji da kunnena.