Neman kalma: me za mu kira layin tawada da ke ɓata bana?

Mai shagon bana, Mabera:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu injin buga bana, wato babban ƙyallen talla. Kalmar "layi" ta yi mana yawa. Yaron shago zai kira makaniki ya ce inji yana layi, makaniki ya taso da dampa sabuwa (ɗan mazubin da tawada ke bi kafin a fesa ta), alhali zare ne kawai ya maƙale a ƙasan hed, wato kan da ke fesa tawada. Littattafan injin, da Turanci, suna cewa sitirik, suna cewa bandin, mu kuwa duk mun haɗa su a suna ɗaya. Wanda nake nema wa suna shi ne tawadar da ke fitowa inda zane bai sa ta ba, har a kan farin gefe, tana bin hanyar da hed ke kaiwa da komowa, ta ɓace ta sake dawowa. A taimaka da kalmar da yaro zai faɗa a waya a gane.

Malamin Hausa, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ina ganin "ratsi" ta isa. Masaƙa suna cewa farin zane mai ratsin baƙi, wato wani launi ya keta cikin wani.

Makanikin inji, Gawon Nama:
Allah gafarta Malam, kalmar ta yi, amma ta bandin ce. Ratsin masaƙi a tsare yake, tazararsa ɗaya, haka shi ma bandin: layuka a jere daga gefe zuwa gefe, tsakaninsu daidai da abin da inji ke tura fileks, wato ledar da ake buga bana a kai, a kowane zuwan hed. Idan turawar ta zarce, siririn farin layi ke fita. Idan ta gaza, bugu ya hau kan bugu, layin ya yi duhu. Ana gyara shi a saitin turawa, kuma a sake saitin in an sauya daga fileks zuwa sitika, don kaurinsu ba ɗaya ba ne. Ƙara yawan zuwan hed a kan wuri guda daga 4 ya koma 6 ko 8 yana ɓoye shi, ba ya warkar da shi.

Akwai kuma farin layin da toshewar kafofin hed, wato ƙananan hujin da tawada ke fitowa ta cikinsu, ke kawowa. Wannan ni "giɓi" nake ce masa, domin in ka buga gwajin kafofi za ka ga wuraren da suka faɗi. Hed samfurin DX5 tana da kafa 1,440, jeri 8 kowanne 180. XP600 tana da 1,080 a jeri 6. Kaɗan daga cikinsu suka toshe, giɓi ya bayyana. Duk waɗannan rashin tawada ne ko rashin daidaito. Na Alhaji tawada ce ta ƙaru inda ba a kira ta ba.

Dattijon sana'a, Kofar Atiku:
Wanga abu sunanai "sawu". Wani abu na ya jiƙe da tawada, ana jan shi bisa bana, yana barin sawunai. Mahi yawa zaren gehen fileks na, don cikin fileks akwai saƙa, in anka yanke shi da reza maras kaihi sai zare ya tashi. Ko gashi, ko ƙurar da ta dunƙule da busasshiyar tawada.

Alamar da ba ta ƙarya: buga gwajin kafofi. In ya hito cikakke amma bana na ɓaci, sawu na, kada a ɓata tawada wurin wankin hed. A kai kareji, wato abin da ka ɗaukar hed, wurin gyara, a kashe inji, a haska ƙasan hed da tocila daga gehe, zaren zai nuna. A tsoma sandar soso cikin ruwan wanki irin na tawadar, a goge bakin hed da ƙarhen da ya kewaye ta. Fuskar kafofin ba a gurza ta. Kada a sa auduga ko tishu, su ka barin wani zaren. Sannan a duba waifa, wato robar da ka share fuskar hed, da bakin robar da hed ka kwana bisa. In sun yi kanta, su ka mayar da dattin da anka cire. Waifar da bakinta ya tsage, sai sauyi.

Malamin Hausa, Runjin Sambo:
Baba, na janye tawa. "Sawu" tana faɗin dalili tare da alama, wanda ya ji ta zai nemi abin da ya taka. Sai dai "jirwaye" fa, ba ta da gurbi?

Makanikin inji, Gawon Nama:
Tana da shi, Malam. A bar ta wa launin da ya kwanta dabbare-dabbare saboda tawada ta yi yawa ko hita ba ta busar da ita da wuri ba. Ba layi ba ne.

Abin da nake so a raba da sawu shi ne lokacin da hed kanta ta goge bana. Wannan "karce" ne. Yana da faɗi, launuka suna cakuɗe a cikinsa, kuma sau da yawa ana jin ƙarar gogar. Tsakanin hed da bana wajen milimita 2 ne kacal, don haka ɗan tudu ya isa. Tudun yana tashi in an ɗora nadi a karkace, ko an kashe fankar da ke tsotse bana ƙasa, ko hita ta yi zafi har sitika ta kumbura. A watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, a rage hitar gaba, kada a bar ta a saitin hunturu. Karce ya fi sawu haɗari: yana lanƙwasa kafofi, kuma kafar da ta karkace wanki ba ya miƙar da ita. Da an ji gogar, a tsayar da bugu nan take.

Mai zane a kwamfuta, Arkilla:
Oga, to wannan ƙurar tawadar da ke kewaye rubutu fa, musamman baƙi a kan fari? Ina ba da shawarar "yayyafi". A hunturu ya fi yawa. Injinan nan suna son laima tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, iskar Janairu a nan kuwa tana sauka ƙasa da 20. Sitika tana tara wutar da ke ɗan fizgar hannu, sai ta karkatar da ƙananan ɗigo kafin su sauka. Maganinsa wayar ƙasa ta gaske daga jikin inji zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa, da injin ƙara laima a ɗakin, da rufe tagogi. Ɗaga hed sama don gudun karce yana ƙara yayyafi, a kula.

Dattijon sana'a, Kofar Atiku:
Yayyafi ya zamna, ɗana. Ku ƙara "ɗigo", don shi ka rikiɗewa sawu in kareji ya ja shi. Tawada na taruwa ƙasan hed ta hwaɗi in dampa ta shaƙi iska, ko an cika ƙaramin tanki hiye da ƙima har tawada ta rinjayi hed. Launi guda ka ɗiga, shi ka nuna dampar da za a sauya. Sawun zare kuwa launinai gauraye na.

Mai shagon bana, Mabera:
Madalla. Mun tsaya a kan sawu ga abin da na tambaya, ratsi ga bandin, sauran kowanne da gurbinsa. Zan rubuta su a manna kusa da inji. Saura ɗaya: launi guda ya zubo tsantsa daga gefe zuwa gefe ba yankewa, gwajin kafofi ma ya fito a dame.

Makanikin inji, Gawon Nama:
Alhaji, wannan na wuta ne, a kira shi "zubar waya". Tawada ta taɓa bakin faffaɗar wayar hed, ko wayar ta shiga a karkace, sai jeri guda ya riƙa feshi ba umarni. A kashe inji, a zare filogi daga bango, a jira 'yan mintuna kafin a taɓa wayar. A duba haƙoranta: in sun yi baƙi ko ɗaya ya tashi, a sa sabuwa. Cire ta ko mayar da ita da wuta a jiki yana ƙona hed da allon da ke sarrafa ta tare.