Wace kalma za mu ba "extract" da Hausa?

Assalamu alaikum malamai. Sau da yawa nakan ji a labarai an ce "masana sun gano maganin ciwon suga a ganyen shuwaka". In ka bi diddigi, abin da suka gwada shi ne wanda Turawa ke kira extract, kuma a jikin ɓeraye. Da mai fassara ya rasa kalma, sai ya ce magani. Wannan na damuna ƙwarai, domin mai ciwo na iya jin haka ya ajiye ƙwayoyinsa.

Ga yadda ake samunsa: a shanya ganye a inuwa, a daka, a zuba garin cikin ruwa ko sinadaran narkarwa irin su etanol ko metanol, a bar shi ya kwana biyu ko uku, a tace, sannan a ƙafar da ruwan. Ɗan abin da ya rage a gindin kwalba, mai danƙo kamar ƙaro, shi muke nema wa suna.

"Ruwan ganye" bai yi ba, tunda ruwan ya tafi. "Tsimi" kuwa, kowa ya san inda hankalin mutane zai tafi.

"Jiƙo" ya fi kusa, na daɗe ina amfani da shi. Amma Bahaushe in ya ji jiƙo, ruwa ya sani, alhali abin da aka jiƙa ganyen a ciki shi ne rabin aikin. Ku dubi Tu Youyou, masaniyar magunguna ta ƙasar Sin, da abokan aikinta masu neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Tafasa ganyen wani nau'in tazargade bai ba su sakamako mai ɗorewa ba. A 1971 ta koma amfani da "ether", wani sinadari mai tafasa a wajen digiri 35 na ma'aunin Celsius, sai abin da ta samu ya kashe ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro a jikin ɓeraye. Daga nan maganin atemisinin ya fito, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Ganyen bai canja ba, hanyar cirowa ce ta canja.

Shawarata ita ce "tatso", daga tatsa. Mai tatsar saniya nono yake ɗauka ya bar saniyar, haka mu ma muke ɗaukar sinadaran mu bar tuƙar. Kuma kalmar na karɓar ƙari: tatson ruwa, tatson etanol, tatson ganyen darbejiya. Wanda ba a rarrabe sinadaransa ba mu ce masa "ɗanyen tatso", kamar yadda muke cewa ɗanyen mai. Duk wanda ya ji "ɗanye" ya san da sauran aiki: gwajin guba, auna adadi, gwaji a kan mutane.

'Yan uwa na Sakkwato da Damagaram, masu magani a wajenku suna da wata kalma ta wannan danƙon da ke saura bayan an ƙafar da jiƙo?