Wane suna za mu ba matan Japan masu shiga ƙarƙashin teku?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta rahoto kan wasu matan Japan da ake kira ama, sunan kuwa ya hana ni sakat. Sana'arsu ita ce su shiga ƙarƙashin teku su ɓanɓaro abin da ke manne a jikin duwatsu, ba tukunyar iska a baya, ba bututu a baki, sai numfashin da suka shaƙa kafin su nutsa. Daƙiƙa 50 zuwa minti ɗaya suke yi a ƙasa, su taso su huta, su sake komawa. Kusan rabinsu suna gaɓar lardin Mie, a Toba da Shima, akwai kuma wasu a Wajima da Kuji can arewa. Tsohuwar sana'a ce, tun a ƙarni na 8 mawaƙan Japan suke ambatonsu. To, in na rubuta "ama", mai karatu zai ɗauka "amma" ce harafi ɗaya ya faɗi. A baka kuwa abin ya fi muni: ka ce "ama sun fita teku", mai sauraro na jiran ka ƙarasa zance. Me za mu ce musu da Hausa?

Wani ɗalibi:
Wa alaikumus salam Yaya. Ai abin bai kai haka wuya ba. Su Japanawa da alamomi biyu suke rubuta kalmar, ɗaya teku, ɗaya mace. Mu ce "matan teku", shi ke nan.

Hajiya, tsohuwar malamar makaranta:
Ɗana, je ka gaya wa kakarka cewa matan teku sun fito bakin gaɓa, ka ga ko ba za ta fara tofa maka addu'a ba. Mu a kunnenmu duk wanda aka jingina shi da ruwa haka kai tsaye, ba mutum ba ne. 'Yan ruwa aljanu ne. Waɗannan kuwa mata ne masu miji da jikoki da 'yar gonarsu a bayan gida, akasarinsu sun haura 60, wasu har sun kai 80 suna shiga. Kada mu mai da su iskoki.

Mai tambaya:
Ranki ya daɗe, kin taɓo wani abu. Su ma suna da tasu 'yar ruwan da suke tsoro. Matan Toba da Shima suna ba da labarin wata aba, tomokazuki, wadda ke bayyana a ƙasan teku da kamannin mai nutson kanta, ta miƙo mata kamu mai kyau, in ta karɓa ta ja ta zuwa zurfi. Shi ya sa suke ɗinka alamar tauraro da ta raga a jikin ɗankwalinsu ko su zana a kayan aiki, a matsayin kariya. In muka ce "matan teku", mun laƙaba musu sunan abar da suke gudu ke nan. Na soke wannan.

Wani ɗan'uwa:
To "masunta mata" fa? Ai duk wanda ke cin abinci daga ruwa masunci ne.

Ɗan Argungu:
A'a, ɗan'uwa, tsaya. Ni a gidan su na tashi. Su da homa ake yi, ko koma, ko taru, ko fatsa, kuma kifi ake nema. Waɗannan ba kifi suke bi ba, abin da ba ya gudu suke ɗebowa. Amma da na karanta bayanin Yaya, abin da ya zo mini shi ne lalube, irin wanda ake yi a wasan kabanci lokacin biki, mutum ya shiga ruwa hannu ziƙau ya fito da kamu. Har ma an ce suna da wani baho na katako da ke yawo a saman ruwa, ɗaure da igiya a ƙugunsu, su zuba kamu a ciki su kuma kama shi su huta. Aikin goran masunci ke nan sak. Ni dai "'yan lalube" na ce.

Mai tambaya:
Maganar baho gaskiya ce, yanzu ma wasu sun koma amfani da taya mai iska da raga a ƙarƙashinta. Sai dai lalube aikin duhu ne, hannu ke gani. Su kuwa da ido suke aiki, tun ƙarshen ƙarni na 19 suke sa tabarau na ruwa. Ba ma gani kawai ba, har awo suke yi. Babban abin da suke nema shi ne awabi, wata halittar teku mai ɓawo da ke manne wa dutse, kuma a lardin Mie doka ta hana ɗaukar wanda bai wuce santimita 10.6 ba. Kowacce tana da ɗan ma'auninta. In ta taso ta ga bai kai ba, mai da shi take yi. Daga 15 ga Satumba zuwa ƙarshen Disamba kuma an haramta kama shi gaba ɗaya, saboda lokacin ƙwai. Ƙauyuka da yawa su suke tsai da ranakun fita da yawan sa'o'in da za a yi a ruwa, kuma hana tukunyar iskar ma da gangan ne: mai numfashi ɗaya ba za ta iya ƙarar da dutse ba. Wannan duk ba lalube ba ne. Bayan haka, Malam, ka san me "ɗan lalube" ke nufi a tashar mota.

Ɗan Argungu:
Kai, Yaya! To na ji. Amma ban janye ba tukuna.

Wata 'yar'uwa:
Ni na san su da lu'ulu'u. Me zai hana a ce "masu tsamo lu'ulu'u"?

Mai tambaya:
Wannan shi ne hoton da ya fi yawo, 'yar'uwa, amma reshe ne. A 1893 Kokichi Mikimoto ya yi nasarar sa kawa ta haifar da lu'ulu'u a Toba, kuma a farkon harkar waɗannan mata ne ke ɗebo kawar daga ƙasa, a yi mata dashe, su mai da ita. Daga baya aka koma rataye kawar a keji, aikin nasu ya ƙare. Abin da ya rage shi ne nunin da ake yi wa 'yan yawon buɗe ido a tsibirin Mikimoto, cikin fararen kaya. Wadda ke fita neman abinci a yau baƙar rigar roba take sawa, abin da take kawowa kasuwa kuma awabi ne, da dodon koɗin teku da suke kira sazae, da ciyayin ruwa irin su wakame da arame.

Malamin nahawu:
Bari in sa baki. Kalmar da kuke kewayawa ita ce nutso. Hanya biyu Hausa ke bi ta fitar da sunan mai sana'a. Ta farko "ma-" a gaban aikatau: maɗinki, marini, masaƙiya. In muka bi ta nan za mu sami manutsi, manutsiya, manutsa. A takarda ya yi kyau, a baki bai zauna ba. Dalili kuwa, aikatau ɗin "nutse" ne, shi kuma nutsewa ba a dawowa: jirgi ya nutse, yaro ya nutse a kududdufi. Nutso kuwa da niyya ake yi, mai yin sa ya san zai taso. Ga kuma nutsuwa a gefe, wani zai ji "manutsiya" ya ɗauka mace ce mai hankali. Hanya ta biyu ita ce ɗan, 'yar, 'yan a gaban suna: 'yan dambe, 'yan kokawa, 'yan koli, 'yan tauri. Tunda nutso suna ne, nan ne gidansa. 'Yar nutso, 'yan nutso. Mai cewa nitso ya ce nitso, duk ɗaya ne.

Wani ɗalibi:
Allah gafarta Malam, "kurme" fa? Muna yara in mutum ya ɓace a ƙarƙashin ruwa ya ɓullo can gaba, kurme muke cewa.

Malamin nahawu:
Kalma ce mai kyau, amma kai ma ka faɗa, ya ɓullo can gaba. Kurme tafiya ce a ƙarƙashin ruwa, su kuwa ƙasa suke yi su dawo sama. Kuma ka ce "'yan kurme" a rediyo, rabin masu sauraro kurame za su ji.

Hajiya:
Malam, na yarda da nutso, amma "'yan nutso" ya yi faɗi. In mota ta faɗa dam, waɗanda ake kira su zo da tukwanen iska su ma 'yan nutso ne. Kuma kalmar ta haɗiye mace, alhali a nan macen ce labarin. Ga masu fita da jirgi, miji ne ke zaune a sama riƙe da igiya. Matar ta rungumi ƙarfe mai nauyi ya kai ta ƙasa da sauri, mita 10 ko fiye, ta zura ɗan ƙarfenta a ƙarƙashin awabi ta ɓalle shi kafin ya ƙanƙame dutse, sannan ta girgiza igiya, shi kuma ya jawo ta da iya ƙarfinsa. In ya yi sakaci na daƙiƙa kaɗan, ya yi gwauro. Da ta taso ba haki take yi ba, a hankali take sakin numfashi ta tsuke baki, sai ya fita da ƙara kamar fito. Daga nan su taru a bukkarsu ta bakin gaɓa su kewaye wuta, don sanyin ruwan nan ya shiga ƙashi. Ni a ganina mu bi sahun matan aure, matan kasuwa, mu ce "matan nutso". In guda ce, 'yar nutso.

Malamin nahawu:
Hajiya ta gama magana. Ginin daidai yake, ba kuma mai jin sa ya yi tunanin aljanu. Wani amfaninsa, ba Japan kaɗai zai yi wa aiki ba. A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu akwai irinsu, haenyeo, waɗanda UNESCO ta sa al'adarsu cikin kayan gadon duniya a 2016. Sai mu ce matan nutson Japan, matan nutson Jeju. Mazan da ke wannan aiki, don akwai su, su ma ama ake ce musu da wata alamar rubutu dabam, sai su zama 'yan nutso.

Mai tambaya:
Na ɗauka. Zan kawo "ama" sau ɗaya a farko don mai son bincike, daga nan Hausa zalla. Ga yadda jimlar ta fito: "Matan nutson Japan, waɗanda ake kira ama, sun haura 17,000 a 1956, amma zuwa 2010 kaɗan suka ɗara 2,000. A 2017 gwamnati ta sa dabarun matan nutson Toba da Shima cikin al'adun gargajiya da ƙasa ke karewa." Ku duba "ama" da "amma" a jimla ɗaya, da ban sami kalmar ba da na shiga uku.

Ɗan Argungu:
To na janye lalube. Amma saura awabi. Dodon koɗi ne ko kawa?

Mai tambaya:
Dangin dodon koɗi ne, sai dai ɓawonsa ɗaya ne shimfiɗaɗɗe, da 'yan huji a jere a gefe, ba murɗaɗɗe ba. Kawa kuwa ɓawo biyu gare ta. Na bar shi awabi tukuna. Wanda ya san sunan irinsa a wajen Sarkawa ko masuntan tafkin Chadi ya taimaka mana kafin Alhamis, ranar zan miƙa rahoton.