Neman kalma: wane suna za mu ba "hefataitis" ban da shawara?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Muna shirya takardar wayar da kai kan hefataitis B, an rubuta "ciwon shawara" a kanun. Hankalina bai kwanta da shi ba, domin da kalmar nan ake kiran jondis, da ita kuma ake kiran zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa. Likitoci da malaman jinya, ku taimaka mu tsayar da kalma ɗaya.

Likita: Wa alaikumus salam Malam. A cire shi daga kanun. Shawara alama ce, ba cuta ba: farin ido da fata su koma rawaya saboda wani sinadari mai suna bilirubin ya taru a jini. Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kimanin kwana 120 su mutu, bilirubin ya fito daga ragowarsu, hanta ta tace shi ta zuba a ruwan matsarmama, ya bi hanji ya fita da bayan gida. Duk inda aka sami cikas a hanyar nan, ido zai yi rawaya. Ko dai jinin na fashewa da sauri fiye da ƙarfin hanta, kamar a mai sikila da ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, ko mai maleriya mai tsanani. Ko hantar ce ta kamu. Ko kuma tsakuwa ko ƙari ya toshe magudanar matsarmama. Nan za ka ga fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayi. Mutum uku, ido ɗaya, magani daban-daban, na ukun ma wataƙila sai tiyata.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Haka ne Likita. Akwai kuma ɗaya gefen da ya fi damuna. Akasarin masu ɗauke da nau'in B idonsu fari tas, ba ciwo ba zazzaɓi, shekara da shekaru. Idan muka ce musu "shawara", sai su duba madubi su ce gwajin ƙarya ne. Gwajin jini mai suna HBsAg ne ke nuna ƙwayar, kuma idan aka sake samunta bayan wata 6 an san ta zauna ke nan. Ni ina ganin a ce "ciwon hanta" kawai, shi ne ke bakin mutane a rediyo.

Likita: "Ciwon hanta" ya yi faɗi. Ya haɗa dajin hanta, da kitse a hanta, da hantar da ta yi tauri ta ƙanƙance. A bar shi a matsayin sunan gidan gaba ɗaya. Hefataitis kansa ma'anarsa kumburin hanta, ko ƙwayar cuta ce ta kawo shi, ko giya, ko shan farasitamol fiye da ƙima, ko wani jiƙo da ba a san abin da ke ciki ba.

Malamar jinya: Likita, ina da ja a kan "kumburi". A kunnen Bahaushe kumburi abu ne da ake gani ko a taɓa. Ka ce wa mutum yana da kumburin hanta, zai shafa ƙasan haƙarƙarinsa na dama ya ce bai ji komai ba. Wani kuma zai ɗauka cikin nan ne da ke cika da ruwa, alhali wannan sai cutar ta yi nisa hanta ta taurare. Ga mai ɗauke da ƙwayar B da hantarsa ba ta fara lalacewa ba, kalmar ba ta ma dace ba.

Likita: Hujjarki ta karɓu Sista. To a raba su: "kumburin hanta" ga halin da hantar ke ciki idan gwajin jini ya nuna tana rauni, "cutar hanta nau'in B" ga kamuwa da ƙwayar. Harafin dole ya fito, domin hanyoyinsu sun bambanta. A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga. E ce ta ɓarke a Diffa a 2017, kuma ta fi yi wa masu juna biyu illa. B da C ta jini ne: askar wanzami da ba a sauya ba, ƙaho, tsaga, allurar da aka maimaita, jinin da ba a tantance ba. B tana bin saduwa da haihuwa ma. C ba ta da rigakafi amma ana warkar da ita da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12. B tana da rigakafi.

Mai fassara: Madalla, na sa "Cutar hanta nau'in B" a kanun. Na sauron fa?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: A riƙa cika sunansa, "zazzaɓin shawara", kada a taɓa yanke shi a ce shawara kaɗai. Allurar rigakafinsa guda ce, ana yi wa yaro a wata 9.

Malamar jinya: Malam, ka ƙara layi biyu don iyaye mata, domin nan ne ruɗanin kalmar ke cin rai. Na farko, allurar nau'in B ta farko a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, sauran su zo cikin allurar mako 6, 10 da 14. Jariran da suka ɗauka daga uwa, kusan 9 cikin 10 cutar zama take yi a jikinsu. Na biyu, shawarar jarirai yawanci ba cutar hanta ba ce, hantar ce ba ta gama ƙwari ba. Amma idan ta bayyana a ranar farko, ko rawayar ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko jariri ya ƙi kama nono, a tafi asibiti a auna bilirubin a sa shi ƙarƙashin fitila, kada a tsaya sa shi a rana ko ba shi jiƙo. A kuma cire kafur daga cikin kayan jariri, yana fasa jinin wasu yaran.